Rumbun shafukan intanet: inda nake fara dubawa idan aka ce layi ya yi nauyi

A shekarun da na yi ina kula da kwamfutocin wata cibiyar horaswa a Kano, lokacin da intanet ɗinmu ke zuwa ta tauraron ɗan Adam, babu abin da ya sha zargi kamar wata baƙar na'ura da ke ajiye a kusurwar ɗakin saba, wato ɗakin manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima. Da zarar shafi ya yi jinkirin buɗewa, sai shugaban cibiyar ya leƙo ya ce, "Injiniya, layin nan fa ya yi nauyi, ko akwatin nan naka ne ya sake tashi?" Ni kuma in ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma in duba." Abin da nake yi a cikin waɗannan mintuna goma shi ne dalilin wannan rubutu.

Aikin na'urar irin na rumbu ne. Idan ɗalibi ya nemi wani shafi, buƙatarsa tana bi ta cikinta, ita kuma ta ɗauko shafin daga inda yake, ta miƙa masa, sannan ta ajiye kwafi, domin wanda zai nemi shafin bayansa ya samu a gida ba sai an sake tafiya ba. A layin tauraron ɗan Adam wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin zuwa da dawowar saƙo kaɗai yana cin fiye da rabin daƙiƙa, tun kafin a fara sauke komai. Manhajar da ke cikin tamu na'urar ita ce Squid, wadda ta samo asali daga aikin binciken Harvest a Amurka, Duane Wessels ya ci gaba da ita, aka fitar da sigarta ta farko a 1996.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne ɗaukar adadin dace, wato yawan abin da aka nema aka same shi a rumbu, a matsayin ma'aunin lafiyar na'urar. Squid tana rubuta kowace buƙata a kundin access.log, tana yi wa abin da aka samu a rumbu alamar TCP_HIT, abin da sai da aka fita nema kuma TCP_MISS, kuma babu abin da ya fi daɗin nuna wa shugaba kamar kaso mai tsoka na dace. Amma lissafin iri biyu ne, na yawan buƙatu da na nauyin bayanai, kuma tsakaninsu akwai tazara. A ɗauka buƙatu ɗari ne suka shigo, sittin daga ciki ƙananan hotuna ne da tambura waɗanda aka samu a rumbu, sauran arba'in kuwa manyan fayiloli ne da aka sauko da su daga waje. A takarda an dace da sittin cikin ɗari, alhali kusan duk nauyin ya bi ta layin da ake biyan kuɗinsa. Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai a farko shi ne ganin lissafin nauyi ya faɗi ƙasa da sifili, sai daga baya na gane cewa hakan yana faruwa idan na'urar ta sauko da fiye da abin da ta miƙa wa mutane, misali idan mutum ya fasa sauke fayil ita kuma ta ci gaba da janyo shi. Haka nan, idan ba a taɓa saitin ba, Squid ba ta ajiye fayil da ya wuce megabait 4, wanda ke nufin manyan fayilolin sabunta manhaja, waɗanda su ne suka fi cancantar a ajiye, suna wucewa ta gabanta kullum kamar ba ta nan.

Yanzu abin da nake fara buɗewa shi ne rahoton da umarnin squidclient mgr:info ke bayarwa, kuma idona yana tafiya kai tsaye zuwa sashen da ke nuna matsakaicin lokacin da kowane irin aiki ke ɗauka a cikin minti 5 da kuma minti 60 da suka wuce. A nan ne ake raba gardama. Idan abin da aka samu a rumbu yana fita nan take, amma abin da aka fita nema yana jan lokaci, to matsalar tana kan layi ko can wajen masu shafin, kuma taɓa na'urar ɓata lokaci ne. Idan kuwa har abin da ke cikin rumbun ma yana jinkiri, laifin na gida ne, ko dai faifan ajiya ya gaji, ko ƙwaƙwalwar na'urar ta cika. Akwai kuma abu na uku a rahoton da mutane ke tsallakewa, wato lokacin da ake ɗauka wajen tambayar sabar DNS, wadda ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Sau da yawa nan ne ɓarawon yake ɓoye, domin Squid ba za ta iya fita neman shafi ba sai ta san inda za ta je, kuma idan sabar farko a jerin ta daina amsawa, buƙatu za su yi ta jira kafin a koma ga ta biyu.

Matsalar da ta fi ba ni wahala ba ta cikin waɗannan. Akwai makon da layi ke tafiya lafiya lau da safe, amma da hantsi, daidai lokacin da ɗakunan karatu biyu suka cika, sai komai ya tsaya cak, bayan ɗan lokaci kuma ya saki da kansa. Na kira masu ba mu layi, na yi musu faɗa, suka duba suka ce babu komai a wajensu, kuma gaskiyarsu ce, domin zanen MRTG, manhajar da ke auna cunkoson layi, ya nuna layin bai ma cika ba a lokacin da ake kuka. Kwana uku ina kashe na'urar ina kunnawa, abin da ke kawo sauƙi na ɗan lokaci kawai. Ran na huɗu ne na zauna na karanta kundin cache.log a tsanake, wanda shi ya kamata in fara dubawa tun ranar farko, sai ga gargaɗi yana maimaita kansa cewa adadin fayilolin da aka yarje wa manhajar ta buɗe a lokaci guda ya kusa ƙarewa. Iyakar da Linux ya sa ita ce 1024, kuma kowace haɗuwa da kwamfutar ɗalibi, kowace haɗuwa da sabar waje, da kowane fayil da aka buɗe a faifai, duk suna cin gurbi a cikin wannan adadi. Da na ɗaga iyakar, matsalar ta tafi ba ta dawo ba. Sai da na kira masu layin na ba su haƙuri.

Sauran matsalolin sanannu ne. Kundin bayanai da ba a juya shi da umarnin squid -k rotate, wato a rufe tsohon a buɗe sabo, yana cika faifai har manhajar ta faɗi. Wanda ya ga babban faifai ya ware shi duka ga rumbu ya manta cewa jerin abubuwan da aka ajiye yana zaune ne a ƙwaƙwalwa, kimanin megabait 10 zuwa 14 ga kowane gigabait na faifai, don haka girman rumbu na iya zama sanadin nauyinsa. Ɗauke wuta ba tare da an rufe manhajar yadda ya kamata ba yana tilasta mata sake tantance jerin nan idan ta tashi, kuma a wannan tsakanin tafiyarta ba ta yin daɗi. A lokacin hunturu kuwa, ƙura tana toshe fanka, na'ura ta ɗauki zafi, abin da babu rahoton Squid da zai faɗa maka sai ka ɗora hannu a kanta.

Zamani ya rage wa irin wannan na'ura aiki. Tun da cibiyar Let's Encrypt ta fara raba wa masu shafuka takardun tsaro kyauta a 2015, sannan Chrome ya fara yi wa duk shafukan HTTP, wato marasa kulle, alamar rashin tsaro a 2018, yawancin shafuka sun koma HTTPS, tsarin da ke kulle bayanai tsakanin shafi da mai dubawa, kuma abin da aka kulle Squid ba ta ganin cikinsa balle ta ajiye. Kundin da a da ke cike da TCP_HIT yanzu TCP_TUNNEL, alamar abin da ya wuce a kulle, ne ya mamaye shi. Manyan rumbunan sun koma hannun masu shafukan kansu, irin su Google Global Cache da Open Connect na Netflix, waɗanda ake girkewa a cikin kamfanonin sadarwa da cibiyoyin musayar intanet. Akwai hanyar buɗe kullen a tsakiya, amma tana bukatar sanya takardar tsaro ta musamman a kowace kwamfuta, kuma ni ban yarda in riƙa ganin abin da mutane ke yi a asusunsu na banki ba domin kawai adadin dace ya ƙaru.

Duk da haka har yanzu ina kula da guda ɗaya, wadda aikinta ya taƙaita ga tace shafuka da ajiye fayilolin sabunta Linux. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, kwana huɗu da fara azumi, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Yammacin Afirka, an kira ni da irin tsohuwar tambayar nan. Na buɗe rahoton, na ga abin da ke rumbu yana fita nan take, abin da ake fita nema kuwa yana ɗaukar daƙiƙu masu yawa ko ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Ban san labarin wayoyin ba tukuna a lokacin, amma na ce musu kada kowa ya kashe na'urar, matsalar daga waje take.