Abin da gwandar tsakar gida ta koya mini game da ganye da fure

A aikina na malamin gona, tambayoyi biyu ne masu shuka gwanda a gida suka fi kawo mini: me ya sa ganye yake komawa rawaya, kuma me ya sa bishiya take yin fure amma ba ta ɗaukar 'ya'ya. Abin da na koya a kan duka biyun shi ne, kafin a kira sunan cuta, wajibi ne a san a wane gurbi na bishiyar alamar ta fara, da kuma lokacin shekarar da ta bayyana.

Akwai sinadaran da shuka ke iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo, kamar naitirojin da fotasiyam da maganiziyam, don haka ƙarancinsu yakan fara nunawa a ganyayen ƙasa. Idan naitirojin ne ya yi ƙaranci, ganyen yakan koɗe baki ɗaya, da jijiyoyinsa da komai. Idan fotasiyam ne, gefen ganyen ne ke bushewa kamar wuta ta lashe shi, idan kuwa maganiziyam ne, jijiyoyin sukan tsaya kore yayin da tsakaninsu ke yin rawaya. Sinadarin ƙarfe kuwa ba ya barin inda ya zauna, shi ya sa ƙarancinsa ke bayyana a sababbin ganyaye na ƙoli. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin sau da yawa ƙarfen yana nan a cikin ƙasa, toka da ruwan wanki mai sabulu da ake zubawa a gindin bishiyar ne suka sa ƙasar ta yi kanwa har saiwa ta kasa jawo shi. Mai gida ya ga rawaya sai ya ƙara yuriya, alhali ba yuriya bishiyar ta rasa ba.

Gwanda ba ta jure kwanciyar ruwa, kuma a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, saiwarta takan ruɓe cikin 'yan kwanaki, ganye ya yi rawaya ya yanƙwane. Nan magani shi ne a buɗe wa ruwa hanya. Idan kuma sabon ganye ya yi dabbare-dabbare ya motse, 'ya'yan suka fito da zobe-zobe a jikinsu, to cutar bairos ce da darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye, ke yaɗawa, babu takin da zai warkar da ita, sai dai a cire bishiyar don a tsirar da sauran. Ganyen ƙasa ɗaya ko biyu da suka tsufa suka faɗi kuwa ɗabi'ar gwanda ce.

Batun fure ya fi ɗaukar mini lokaci kafin na fahimce shi sosai. Gwanda iri uku ce. Namiji yana fitar da ƙananan furanni masu yawa a kan dogon sanda mai reto. Mace tana yin babban fure manne da kara, kuma tana buƙatar iska ko ƙwari su kawo mata garin barbara daga wata bishiyar. Ta ukun ita ce mata-maza, wadda furenta ke ɗauke da sassan biyu, tana yi wa kanta barbara, 'ya'yanta kuma sukan fito dogaye, saɓanin na mace da suka fi zama kewayayyu.

Mata-maza ce yanayi ya fi taɓawa. A zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, ɓangaren mace na furenta yakan tsumbure, furen ya zama tamkar na namiji ya zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Na ga gidaje da dama da aka sare bishiya mai kyau a wannan lokaci bisa zaton namiji ce, kuma abin yana yi mini ciwo, domin da an ba ta ruwa an jira saukar damina, da ta koma haihuwa. Sanyin dare kuma yakan sa sassan namiji su manne da ɗan da ke ƙulluwa, sai a sami gwanda mai tabo da karkatacciyar siffa.

Sanin wannan ya canza shawarar da nake bayarwa a kan iri. Irin da aka ɗebo daga mata-maza da ta yi wa kanta barbara yakan ba da kashi biyu cikin uku mata-maza, kashi ɗaya mata, babu namiji. Irin da ya fito daga mace da namiji ya yi wa barbara kuwa rabi mata ne, rabi maza. Tunda ido ba ya iya bambance su kafin fure, nakan ce a dasa uku ko huɗu a kowane rami, a bar wadda ake so idan furen farko ya fito. Wanda kuma yake son irin da ya tabbata, ya rufe furen mata-maza da ƙaramar jakar takarda tun bai buɗe ba, ya yi masa alama, ya ɗebi iri daga wannan ɗan kaɗai.