Godiya bayan an haska fim ɗinmu

Alhamdu lillahi. Jiya na yi barcin da rabona da shi tun ranar da muka fara ɗaukar wannan fim namu na faɗa. Kun bi komai, ba sai na maimaita ba.

Daren da aka haska shi a gidan kallo ne ba zai fita a raina ba. Faɗan farko na fitowa sai wuri ya ɗauki dariya. Ƙarar naushin da muka haɗa da dukan katifa da bel ce ta tona mana asiri, har wani yaro a baya ya ce, "Kai, ai shimfiɗa ake kakkaɓewa!" Gabana ya faɗi, na fara neman ƙofa da ido. Can sai aka zo inda ƙanena ya diro daga katanga, babu igiya, babu dabarar kwamfuta, dirar da ta karya masa ƙafa da gaske. Wuri ya yi tsit, sai tafi ya ɓarke. Shi kuwa yana gefena da sandarsa, hawaye kawai yake yi.

An ce ba a kiran suna, to ni dai sai na faɗi wasu. Hajiyarmu, da ta sayar da tunkiyarta ta biya mai ɗori, Allah Ya kai ki Makka, Ya sa ki gama da duniya lafiya. Malaminmu na kareti, da ya riƙa hawa Goron Dutse da yaran fim ɗin bayan asuba bai karɓi ko sisi ba, Allah Ya raya masa zuri'a. Baba mai gidan kallo ya kunna janareta da mansa, ku kuwa kun san kuɗin fetur tun 2023. Da na miƙa masa kuɗi cewa ya yi, "Ɗana, kai wa mai ƙafa." Allah Ya yi masa gida a Aljanna.

Masu cewa sautin bai fita ba, faɗan dare kuma ya yi duhu, gaskiyarku ne. Masu gwada mu da fina-finan Chana, kun yi mana girma, kyamara ɗaya gare mu, ita ma ta aro.

'Yan uwan da suka ce wasan yara ne, kujerunku sun kwana babu kowa. Ba komai, Allah Ya bar zumunci.

YouTube na neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin su fara biya, don haka a ci gaba da kallon fim ɗin a can don Allah. Ranar Asabar za a kwance wa ƙanena ɗori, a sa shi a addu'a.