Jan fenti a bango, bulo a bashi

Ni sana'ata buga bulo ce, ina da ɗan fili a bakin garinmu kan hanyar Kano zuwa Katsina, inji ɗaya da yara shida, sai tifa da nake haya in za a kawo yashi. Tun da aka fara aikin mayar da titin nan tagwaye mutane ke ce min kakarka ta yanke saƙa, za a rushe gidaje kowa zai zo sayen bulo. To sun zo ɗin, amma wallahi ba cinikin da mutum zai yi murna da shi ba ne.

Masu awo ne ke fara zuwa, su auna mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare, duk abin da ya faɗo ciki a shafa masa jan fenti. Daga ranar shikenan, ba ka gyara ba ka sayarwa, ko katanga ce ta zube da damina sai dai ka tokare ta da azara kana jira. Abin da da yawa ba su sani ba sai da ya zo kansu, dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, don haka diyyar ta gini ce da bishiya da amfanin gona, ƙasar da ka gada wajen kakanka ba a saya ba. Gidan ƙasa kuwa ai kuɗinsa kaɗan ne a takarda, ko da mutum ashirin ne ke kwana a ciki.

Sannan ga jira. An yi wa mutum kiyasi lokacin da buhun siminti bai kai dubu 3 ba, kuɗi bai shigo hannunsa ba sai da buhu ya haura dubu 10 a farkon 2024, kuma da wannan kuɗin zai sayi fuloti, fulotin da shi ma ya tashi saboda titin.

Wani dattijo abokin mahaifina ya zo min da takardar diyyarsa a leda, muka zauna a kan bulo muka yi lissafi, ɗaki uku da zaure yake so, kuɗin iyakarsa ɗaki biyu ba kwano. Ya ce ɗana ka ƙara yashi mana, ka fitar min da bulo 60 a buhun siminti. Na ce Baba ka yi haƙuri, ni inci 9 ba na wuce 35 a buhu, kuma sai na yi masa ban ruwa na kwana bakwai, bulon 60 da hannu za ka murƙushe shi, jikokinka ne za su kwana a ƙarƙashinsa. Muka koma inci 6 a bangon ciki, na ba shi bulo 400 bashi zuwa kaka.

Irinsa yanzu mutum tara ne a littafina, dilan siminti kuma ba ya ɗaga min ƙafa ko na sati ɗaya. Jiya na bi ta tsohuwar unguwarsu, katafila ta share komai, sai rijiyar gidan Baba da aka cike da ɓaraguzai.