Jami'ar jiha da jami'ar masu kuɗi a Amurka: ina martabar take?

A Amurka babu jami'ar tarayya irin wadda aka sani a ƙasashe da yawa, in ban da makarantun soja. Ko dai jiha ce ta mallaki jami'a, ko kuwa mai zaman kanta ce. Shi ma sunan yana ruɗar mutane: Jami'ar Pennsylvania mai zaman kanta ce, Penn State kuwa ta jiha ce. Jami'ar Washington da ke Seattle ta jiha ce, amma mai irin sunanta da ke St. Louis ba ta gwamnati ba ce. Mai neman gurbin karatu ya fara tantance wannan kafin ya biya kuɗin fom.

Idan ana maganar suna zalla, masu zaman kansu ne a gaba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Na farko tsufa: an kafa Harvard a 1636, Yale a 1701, Princeton a 1746, tun ba a san za a yi ƙasa mai suna Amurka ba. Yawancin manyan jami'o'in jihohi sun miƙe ne bayan dokar Morrill ta 1862, wadda ta ba jihohi filaye su sayar su kafa makarantun noma da injiniyanci domin 'ya'yan manoma da ma'aikata. Wato tun daga tushe an gina su ne don su ɗauki mutane da yawa. Ita kuwa martaba irin wadda jama'a ke gani, da yawan waɗanda aka mayar daga bakin ƙofa ake auna ta. Harvard na ɗaukar kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na masu nema, saboda ɗalibai ƙasa da 2,000 take shigarwa a shekara. Jami'ar Michigan na da ɗalibai sama da 50,000.

Na biyu kuɗi. Asusun wakafin Harvard ya haura dala biliyan 50. Na Princeton ya haura biliyan 30, alhali ɗalibanta na digirin farko ba su wuce dubu shida ba. Jami'o'in Teksas ma suna da asusu mai kauri saboda man fetur da aka samu a filayensu, sai dai ana raba shi ne a kan ɗalibai sama da 200,000. Abin da ke faɗowa kan kowane ɗalibi shi ne ke sayen ƙananan ajujuwa, malamai masu yawa da tallafin karatu.

Jadawalin mujallar U.S. News, wanda aka fara a 1983, ya daɗe yana auna waɗannan abubuwan ne: kuɗin da ake kashewa kan ɗalibi, ƙanƙantar aji, kyautar tsofaffin ɗalibai, da ra'ayin shugabannin wasu jami'o'i. Da mujallar ta canza ma'auninta a 2023, ta cire girman aji da kyautar tsofaffin ɗalibai, ta ƙara nauyin yadda jami'a ke yaye 'ya'yan talakawa, sai jami'o'in jihohi da dama suka yi sama a dare ɗaya ba tare da sun ɗauki ko malami guda ba. Kafin nan, a 2022, Columbia ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 bayan wani farfesan lissafi nata ya nuna cewa alƙaluman da ta miƙa ba daidai ba ne. Ni dai ma'aunin da ke tsalle haka ba zan ɗora masa shawarar shekara huɗu ba.

To sunan yana sayen wani abu kuwa? Yana saye, amma a ƙofofi 'yan kaɗan. Masu bincike Stacy Dale da Alan Krueger sun kwatanta ɗaliban da manyan jami'o'i suka ɗauka, wasu suka je, wasu suka zaɓi masu sauƙin shiga. Bayan shekaru albashinsu kusan ɗaya ne, sai fa 'ya'yan talakawa da waɗanda iyayensu ba su yi jami'a ba, su kam babbar makaranta ta ɗaga su. Binciken Raj Chetty da abokan aikinsa na 2023 ya duba jami'o'i 12, wato takwas na Ivy League (rukunin tsofaffin jami'o'i masu zaman kansu irin su Harvard da Yale) da Stanford, MIT, Duke da Chicago. Ya samu cewa a matsakaicin albashi bambancin kaɗan ne, amma damar shiga fitacciyar makarantar digiri na gaba ta kusa ninkawa, ta samun aiki a fitaccen kamfani kuma ta kusa ninkawa uku. Alƙalai takwas cikin tara na Kotun Ƙolin Amurka sun karanta shari'a ne a Harvard ko Yale. Wanda burinsa manyan bankunan Wall Street ne ko irin wannan kujera, suna linzami ne a gare shi. Likita, injiniya, akanta ko masanin noma, lasisinsa da aikinsa ake dubawa.

A nan ne lissafin ke juyawa, domin masana ba sa auna jami'a gaba ɗayanta, sashe-sashe suke bi. A kimiyyar kwamfuta jami'o'in jiha irin su Berkeley ta Kalifoniya da Illinois da ke Urbana-Champaign sun fi yawancin Ivy League nauyi. A Illinois aka ƙera Mosaic a 1993, manhajar da ta buɗe wa jama'a intanet. A injiniyanci akwai na jiha irin su Georgia Tech da Michigan da Purdue, inda ɗan sama jannati Neil Armstrong ya yi digirinsa na farko. A noma da likitancin dabbobi ana fara kiran Davis ta Kalifoniya, a injiniyancin fetur kuma Austin da Texas A&M. Dartmouth ko Brown na Ivy League ba su ma shiga fagagen noma, likitancin dabbobi da fetur da gaske ba. A matakin digirin digirgir kuwa, abin tambaya shi ne wa ya duba aikinka, a wane ɗakin bincike.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar “jami'ar jiha” a matsayin abu guda. Tsarin Kalifoniya na 1960 ya kasa su hawa uku: Jami'ar Kalifoniya ta ɗauki kashi ɗaya cikin takwas na sama na masu gama sakandare, Cal State ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku, kwalejojin shekara biyu kuma su buɗe ƙofa ga kowa. UCLA, reshen Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, tana karɓar takardun nema sama da 140,000 a shekara, tana ɗaukar kusan ɗaya cikin goma. Wani reshen kuma a wata jiha yana ɗaukar takwas cikin goma. Haka ma masu zaman kansu: akwai ɗaruruwa masu tsada da sunansu bai fita daga garinsu ba, waɗanda babbar jami'ar kowace jiha ta fi su komai.

Akwai tarko biyu a jami'o'in jiha. Na ɗaya, samun gurbi a jami'a ba ya nufin samun gurbi a sashe. A Washington da Illinois da Berkeley, shiga kimiyyar kwamfuta ya fi shiga jami'ar wuya sosai, kuma wanda ya shiga ta wani sashe da niyyar canzawa daga baya galibi yakan tarar da ƙofa a rufe. Na biyu, darussan shekarar farko a babban zaure ake yin su da ɗaruruwan ɗalibai, masu neman digiri na gaba ne ke kula da ƙananan rukuni. Ɗalibin da bai saba zuwa ofishin malami da kansa ba, zai gama shekara huɗu babu farfesan da zai rubuta masa wasiƙar shaida mai nauyi. A ƙananan kwalejoji irin Williams da Amherst, masu ɗalibai kusan 2,000, wannan matsalar ba ta tasowa.

Batun kuɗi ya danganta da inda mutum ya fito. Ɗan jiha yana biyan abin da bai kai dala 20,000 ba a shekara na kuɗin karatu a yawancin manyan jami'o'in jihohi. Baƙo, ko daga wata jiha ko daga ƙasar waje, yana biyan ninki biyu zuwa uku, a Michigan ma abin ya kai wajen dala 60,000, kuma da wuya ɗan ƙasar waje ya sami tallafin buƙata, domin kuɗin baƙi ne ke cike giɓin da raguwar kason jiha ya bari. Chapel Hill ta Karolina ta Arewa ma ta ƙayyade baƙi a kashi 18 cikin ɗari na sababbin ɗalibai. A ɗaya ɓangaren, Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst ba sa duba aljihun ɗan ƙasar waje wajen ɗauka, kuma suna cike masa abin da iyayensa suka gaza. Daga 2025 Harvard ta ɗauke komai ga iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba. Don haka ga haziƙin ɗan talaka daga waje, mai farashin dala 90,000 a takarda tana iya fin ta jiha araha.

Kafin yanke shawara a buɗe takardar Common Data Set da jami'o'i ke wallafawa, a duba yawan ajujuwa masu ƙasa da mutum 20 da yawan 'yan ƙasar waje da aka ba tallafi. Sannan a shiga College Scorecard na ma'aikatar ilimi ta Amurka, a kwatanta albashi da bashin waɗanda suka gama sashen da ake so a jami'o'in da ake son zaɓa tsakaninsu.