Asabar, ranar da muka yanka kalangun Kawu

Yanzu ɗaya saura na dare, kunnuwana har zafi suke saboda hedfon, amma bari in rubuta wannan kafin in kwanta don in na bari sai gobe rabi zai zube.

Kawu ya iso daga Ƙaura Namoda wajen goma na safe, kalangunsa cikin buhu an ɗaure bakin da igiya. Yayan Inna ne, gidansu gidan kiɗan rundawa ne tun kakanni, shi kaɗai ya rage mai riƙe da abin. Wata uku ina roƙonsa ya zo Gusau in ɗauki kiɗansa, kullum sai ya ce sai an ƙare aikin gona, to yau Allah ya yi. Ya sha kunu, suka gaisa da Inna suka taɓa zancen gida, sannan muka shige ɗakina.

Na'urar tawa ta ɗaukar sauti da yanyanka shi SP-404MKII ce ta kamfanin Roland na Japan, wadda ta fito a 2021, ta hannu na saya bara. Ba wuta tun jiya amma wallahi yau hakan ya min daɗi, babu ƙugin firij babu fanka, na zuba mata batir shida ta tashi lafiya lau. Na rataya barguna biyu a taga da ƙofa saboda amon ɗaki, na soka makirfo a gaba, sai kuma injin markaɗen maƙwabta ya tashi, dole muka zauna muka jira shi kusan minti ashirin. Kawu ya yi amfani da lokacin ya fitar da kalangun ya shafa fatar da tafin hannu, ya ce hunturu na sa ta ɗaure ta yi kaifin murya, da damina ce sai an shanya ta a rana tukuna. Ya kalli na'urar ya ce, wanga ɗan akwati shi ka riƙe kiɗin? Na ce eh Kawu, ku dai ku buga ku ji.

Ɗaukar farko ta lalace. Na kusanto da makirfo da yawa, bugun farko kawai sautin ya fashe, kuma abin da ya fashe tun wurin ɗauka babu gyaransa daga baya, ko me ka ɗora masa sai ka ji tsagewar nan a ciki. Na rage ƙarfin shigar sauti, na ja makirfo baya kamar taƙi uku, na karkata shi gefe kaɗan don kar ya fuskanci fatar kai tsaye. Ta biyu ta fito tas, har ƙarar tsarkiya in ya matse ta da hammata ana ji. Ya yi kusan minti biyu yana kiɗa ido rufe, ni kuma tsigar jikina na tashi.

Daga nan aka zo wurin yanka, wanda shi ne ainihin aikin. Sautin da ka ɗauka yana fitowa a ɗan allon na'urar kamar jerin tuddai, kowane bugu tudu guda. Kai ne za ka bi kana sa alama inda kake so gutsure ya fara da inda zai tsaya, sannan ka raba gutsattsarin a kan madannai 16, kowane madanni da nasa, sai ka koma kana buga su da yatsu yadda ranka ya so. Akwai kuma hanyar da na'urar ke sa alamar da kanta, duk inda ta ji bugu ya tashi da ƙarfi sai ta yanka. Da ita na saba, don in ganguna irin na Turawa ne, kik da siniya, tana yi daidai babu ɓata lokaci. Na danna, nan take madannai suka cika, na fara bugawa ina juya su, na uku ya koma farko na bakwai ya biyo, a kunnena dai abin ya zauna har ina gyaɗa kai.

Kawu ya saurara, fuskarsa ta canza. Ya ce, ɗana, ni dai ban hwaɗi haka ba. Mi kaka yi mai, ka sa mai in'ina.

Na tsaya. Na san tun ina yaro cewa kalangu magana yake, kowa ya san haka, amma sai yau na ga abin da idona a kan allo. Hausa tana tafiya da karin sauti, sama da ƙasa da mai faɗuwa, kalangu kuma shi yake kwaikwaya, a matse tsarkiya murya ta hau, a saki ta sauka. To matsewar nan ba lokacin bugu take farawa ba, tun wutsiyar bugun baya bai mutu ba ya riga ya fara matsa, sautin yana hawa yana tarar na gaba. Na'ura ba ta ganin wannan, tudun kawai take gani. Sai ta yanke daidai tsakiyar hawan, rabi a wannan madanni rabi a wancan. Ga kuma 'yan taɓe-taɓen da yake yi da yatsun hagu a kan fatar, su ma wasu ta ɗauke su bugu ne ta sa musu wuƙa. Da na zo na juya jerin kuma, kamar ka ɗauki gaɓoɓin sunan mutum ne ka watsa ka kwaso yadda suka faɗo. Raina bai min daɗi ba, don na ga abin ya taɓa shi.

Na goge alamomin duka muka fara daga farko da hannu. Ya matso kusa da ni a kan tabarma, na ba shi kunne ɗaya na hedfon na riƙe ɗaya, na kunna kiɗan, duk inda magana ta ƙare sai ya dafa gwiwata ni kuma in danna alama. Sai in faɗaɗa hoton sautin in matsar da alamar kaɗan-kaɗan har ta zauna a ɗan shirun da ke gaban bugu, don in ka yanka cikin jikin sauti za ka riƙa jin wani ƙas duk sanda ka danna, in kuma ka bar sarari da yawa gutsuren zai riƙa makara. Inda ƙas ɗin ya ƙi fita sai na sassauta farkon kaɗan yadda zai shigo a hankali. Wuri ɗaya sai da muka maimaita ya fi sau goma yana cewa ba nan ba, gaba kaɗan, a'a ka wuce. Muka tashi da gutsure shida kacal, kowanne jimla ce cikakkiya. Sauran madannan na roƙe shi ya ba ni bugu ɗai-ɗai, na ƙasa, na sama, mai faɗuwa, ya bar kowanne ya mutu da kansa, waɗannan su zan iya wasa da su yadda nake so tunda ba su ce komai ba tukuna.

Muna cikin haka na ba shi labarin mutanen da suka fara sana'ar nan a Amurka. Na'urar SP-1200 ta kamfanin E-mu da ta fito a 1987 daƙiƙa 10 kawai take iya riƙewa gaba ɗaya, shi ya sa suke kunna faifai da gudu su ɗauka don ya ci wuri kaɗan, sannan su rage masa gudu a cikin na'ura, kaushin da hakan ke jawowa kuma shi ya zama muryar hip hop ta wancan zamanin. A 1988 kamfanin Akai suka fitar da MPC60 wadda Roger Linn ya tsara, mai madannai 16, tsarin da har yau ake bi. Kawu ya ce ashe su ma da ƙunci sunka koyi aiki. Na gwada masa dabarar, na sauke muryar jimla guda ƙasa baki ɗayanta, ina tsoron zai sake cewa na ɓata, sai ya ce a'a wannan maganar tana nan, kamar dai babban mutum ne ya faɗe ta maimakon yaro. Na riƙe wannan sosai.

Akwai gutsure ɗaya da ya ce in cire, taken wani gidan Sarkin Fawa ne, ba a sa shi a waƙar da za a yi rawa da ita ko'ina. A gabansa na goge shi. Mun kuma yi magana a kan haƙƙinsa, in waƙar ta fita da sunansa za ta fita kuma yana da kasonsa, Inna ce shaida. Dama abin da ya sa ban son ɗebo sauti daga tsofaffin kaset ke nan, masu shi suna da iyalai kuma ba wanda ya tambaye su. Bayan azahar ya ci abinci na raka shi tasha, don yanayin hanya ba ya son yamma ta same shi.

Da dare na koma kai. Na so in zaunar da jimlolin a kan ma'aunin na'ura mai daidaita bugu, suka ƙi, kalangun tafiyar uku-uku yake kuma yana ɗan jan ƙafa a wasu wurare, in na tilasta shi sai ya sandare. Na kashe ma'aunin na buga kik da yatsana ina bin bayansa, sai a karo na shida ko na bakwai ya shiga. Na haɗa jimlolin rukuni ɗaya yadda in na danna wata ta baya za ta yi shiru, kar su riƙa magana a bakin juna. Na ɗora ɗan kaushin kaset, na sake ɗaukar duka a madanni guda, na bar shi yana zagayawa a sifika.

Bayan isha'i Inna ta ɗaga bargon ƙofa ta tsaya. Ba ta taɓa shigowa don kiɗana ba. Ta saurari zagaye ɗaya, a na biyu sai ta fara faɗin kalmomin da kalangun ke faɗi, ɗaya bayan ɗaya daidai da shi, ta ce da shi babansu ke tashinsu ranar kasuwa. Na ce Inna ku ƙara don Allah, na jawo makirfo. Ta ce sai da safe in muryarta ta washe.

Batir ya kusa ƙarewa, na lulluɓe na'urar da ɗankwali saboda ƙura. Gobe da sassafe zan sayo wasu shida a shago, mu ɗauki muryar Inna kafin injin markaɗe ya tashi, bas kuma, wato kiɗan ƙasa mai kauri, ya jira Litinin.