'Yar kyanwa a gidan da akwai tsohon kare

Da an gama girbi an jibge buhunan shinkafa a ɗaki, kamar yadda ake yi a yankin Argungu da Augie da Suru na jihar Kebbi, ɓera sai ya samu wurin zama, shi kuma mai gida ya shiga neman 'yar kyanwa. Idan gidan akwai karen gadi da ya daɗe, tsoron kowa ɗaya ne: kada ya kashe ta. Tsoron yana kan hanya, domin 'yar wata biyu da ƙyar take kai kilo ɗaya, girgiza ɗaya in kare ya yi mata ya karya mata wuya. Amma a gidajen da aka wuce satin farko lafiya, wanda ke shan wuya daga baya shi ne karen. Ita tana cikin ganiyar ƙuruciya, shi kuma hutu yake nema, kuma galibin cizon da ake gani yana zuwa ne bayan ya yi ta haƙuri babu wanda ya kula.

Kare da ya kai shekara 7 zuwa sama ya fara tsufa. Gaɓoɓinsa na ciwo, musamman ƙugu da gwiwa, shi ya sa za ka ga yana tashi a hankali da safe. Jinsa na raguwa, idonsa na yin hazo. Ba ya jin sanɗar kyanwa, sai dai ya farka ya ji farce a kunne ko a wutsiya, kuma karen da aka firgita cikin barci yakan kai cizo kafin ya san wa ya ciza. Ita kuma 'yar kyanwa ba mugunta take yi ba. Tsakanin wata 2 zuwa 6 koyon farauta take: laɓewa, sanɗa, dira, cafka, shuri da ƙafafun baya. Da tana tare da 'yan'uwanta, a kansu za ta koya, in ta ciji ɗaya da ƙarfi ya yi ƙara ya daina wasa da ita, ta gane iyaka. Shi ya sa raba ta da uwarta kafin sati 8 kuskure ne babba, kuma in za a iya jira zuwa sati 12 ya fi. Wadda aka ɗauko tana sati 4 ko 5 ita ce ke tasowa da cizo da yaƙushi marar kan gado.

Kafin a kawo ta, a dubi wane irin kare ne a gidan. Karen da aka yi farauta da shi, wanda ya saba kama zomo da gafiya, ko wanda ya taɓa kashe kaza ko kyanwa, a ganina kada a yi ma tunanin sakin su tare. Tsufa na rage masa gudu, amma ba ya cire masa halin. Irin wannan gidan raba su za a yi har abada, ko a haƙura da kyanwar. Karen da kaji ke kiwo a gabansa yana kwance bai ko ɗaga kai ba, shi ne ake sa ran zai karɓe ta.

Ranar da ta zo kada su ga juna. A ware mata ɗaki mai ƙofa da ke rufuwa da kyau, a sa mata ruwa, abinci, kwali da tsumma a ciki, da faffaɗan daro mai yashi zurfin yatsu uku a can nesa da abincin. Yashin gulbi da aka tankaɗe ya wadatar. A kwashe kashin kullum, a sauya yashin duka duk sati. Za ta zauna nan kwana 4 zuwa 7. Wanda ya rufe ta shi ke da alhakin ci da shanta, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar da ita ba sananne ne, don haka a sa mutum ɗaya takamaimai a kan aikin, kada a bar wa "yara" a dunƙule.

A cikin waɗannan kwanakin hanci ne ke aiki. A goga tsumma a kumatun kyanwar da gefen wuyanta, a ajiye kusa da inda kare ke kwanciya, ba a kan shimfiɗarsa ba. A goga wani a jikin karen a kai ɗakinta. In ya shinshina ya kau da kai, a jefa masa ɗan nama. A riƙa ba su abinci lokaci ɗaya, shi a waje ita a ciki, kowane kwano kamar taku uku daga ƙofar, kullum a matso da su kaɗan. In ɗaya ya ƙi ci, an yi gaggawa, a ja baya. Karen da ya kafe a bakin ƙofa yana tonon ƙasa yana kuka, an kira shi bai waiwayo ba, bai shirya ganinta ba ko da an yi sati.

Haɗuwar farko a yi ta bayan kare ya ci ya ƙoshi, da sanyin safiya ko bayan la'asar, mutum biyu manya, babu taron yara. Karen na cikin igiya a hannun wanda ya fi jin maganarsa, igiyar da ɗan sassauci, domin in aka ɗaure ta tamau shi ma jikinsa ɗaurewa yake. A buɗe ƙofa a bar kyanwar ta fito don kanta. Kada a ɗauke ta a hannu a kai ta hancin kare "su gaisa": ba ta da hanyar gudu, za ta yaƙushi mai riƙon ko idon karen, kuma abin da za ta riƙe ke nan game da shi. Minti 5 ya isa. A maimaita sau biyu ko uku a rana, a ƙara lokacin sannu a hankali cikin sati biyu zuwa uku. Duk sadda ya kalle ta ya juyo ya kalli mai shi, a yaba masa a ba shi ɗan abin taɓawa. In ta yi huci ta bushe gashi ta koma ɗaki, ba komai, haka ake farawa.

Abin da ya kamata ido ya tsaya a kai shi ne jikin karen, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Alamu iri biyu ne. Na farko na farauta: jiki ya sandare, baki a rufe, ido kafe a kanta ba ƙiftawa, kai ya yi ƙasa, ya fara takawa a hankali. Wannan shirun ya fi haushi haɗari, a janye shi nan take. Na biyu na gajiya: yana hamma ba barci yake ji ba, yana lasar hanci, yana kau da fuska har farin idonsa ya fito, kunnuwa a kwance, ya tashi ya sauya wuri ta bi shi. Yana roƙo ne a raba shi da ita. In ba a ji ba sai ya yi gurnani, in ba a ji ba ya yage leɓe, sannan cizo. Kada a doki kare don ya yi gurnani. Gurnanin gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi da sanda ran da ya ƙosa kai tsaye zai kai baki. A ɗauke kyanwar, a bar shi ya huta.

Kare da ke ɗaure da sarƙa da rana, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya, don ba ya iya tashi ya ba ta wuri. Ko dai a kewaye wurinsa da ragar waya mai ƙananan ido irin ta kaji, ko a tabbata ba ta yawo a wannan ɓangaren sai da babba a wurin. Da dare kuma, lokacin da ake sakinsa gadi, ita tana ɗakinta a rufe. Karen da ya san ta da rana yana iya bin ta cikin duhu in ta gilma da gudu. A ci gaba da bin wannan dokar har kyanwar ta kai wata 6 aƙalla, ta iya hawa katanga da tsalle ɗaya.

Kowannensu na buƙatar wurin da ɗayan ba ya kaiwa. Nata a sama yake: kan dakali, taga, katako da aka kafa a bango, tarin buhuna. A tsakar gida a samu biyu ko uku, kada a bar lungun da in ta shiga ba mafita. Nasa kuwa shimfiɗa ce mai taushi, buhu biyu ko tsohon bargo saboda gaɓoɓi, a inuwa. Yanayi na sauya rigimar. A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, dukansu gindin randa suke so, inda ƙasa ke da danshi. A jiƙa wani wuri daban a ajiye ruwa a kwano biyu nesa da juna. Da hunturu kuma ɗumi take nema, sai ta lallaɓa ta kwanta a cikinsa. Wani karen yana so, wani yana daurewa ne kawai. Kwali mai rufi da tsumma a ɗakinta na rage wannan.

Duk wannan tsaro ne. Maganin fitinar kanta shi ne a gajiyar da ita kafin ta kai gare shi. Kyanwa ta fi kuzari da asuba da kuma gab da magariba, to nan za a tare ta. A ɗaura gashin kaza ko na zabo a bakin zare, a ɗaura zaren a kara mai tsawon hannu, a ja shi a ƙasa yana nesanta da ita, ya ɓuya bayan turmi, ya tsaya, ya sake gudu. A bar ta ta kama lokaci-lokaci, in ba ta taɓa kamawa ba takaici ke kama ta ta huce a kan wutsiyar kare. Minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, sannan a ba ta abinci nan take. Ta yi farauta, ta ci, za ta lashe jikinta ta yi barci mai tsawo. Bayan wasa a ɗauke zaren a ɓoye, don in ta haɗiye shi yana iya yanka mata hanji. A hana yara wasa da ita da yatsu ko ƙafa. Wadda ta koyi cewa fata abin cizo ce ba ta bambanta ta mutum da ta kare.

In an ga ta laɓe tana kaɗa ƙugu ta nufi karen, a jefa mata dunƙulen takarda ta wani gefe kafin ta dira. In ta riga ta hau shi, a ɗauke ta ba tsawa ba duka, a kai ta ɗaki minti biyu zuwa uku, a sake ta. Ta koma, a maimaita. Sai kowa a gidan ya yi haka iri ɗaya kafin ta gane. Duka da watsa ruwa tsoron mutum kawai suke koya mata, ta ci gaba da abinta in ba kowa. A kuma riƙa rage mata tsinin farce duk sati biyu da abin yanke farce, ɗan farin bakin kaɗai, kada a kai ga jan da ke ciki. Yaƙushi a idon tsohon kare na iya zama gyambo cikin kwana biyu. In an ga yana runtse ido ɗaya yana hawaye, ranar za a kai shi wurin likitan dabbobi.

Kwanon abinci shi ne inda ko kare mai sanyin hali ke sauyawa. Shi ya ci a wurinsa tana rufe, a ɗauke kwanon in ya gama, kuma kada a bar ƙashi a ƙasa tana kusa. Nata a sama. 'Yar wata 2 zuwa 3 na cin sau huɗu a rana, zuwa wata 6 sau uku, daga nan sau biyu. Tuwon da ake zuba wa kare ba zai riƙe ta ba, jikinta nama da kifi yake buƙata: dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, nama, dafaffen ƙwai. Bandar kifin Yauri in za a ba ta a jiƙa a tsince ƙayar tsaf. Madarar shanu na sa yawancinsu zawo. Ragowar miya kuwa a kiyaye, domin albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kare da kyanwa duka, kuma a jihar da albasar Aliero ke cikin kowace tukunya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daron yashinta a sa inda kare ba ya kaiwa, don karnuka na cin kashin kyanwa, ita kuma in aka tsorata ta a kai sai ta koma yi a bayan buhuna.

Akwai haɗarin da zaman tare kansa ke kawowa. Magungunan kaska da ƙuma da ake ɗiga wa kare a baya, masu sinadarin da ake rubutawa permethrin a jikin kwali, da irin na wankan shanu da wasu ke yi wa karnuka amfani da shi, guba ne ga kyanwa. Ba sai an shafa mata ba, gogar jikinsa ko lasarsa ta isa. In an sa wa kare, a raba su kwana uku. Alamar ta taɓa shi ita ce rawar jiki, dalalar miyau da farfaɗiya. A wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwano, a garzaya asibitin dabbobi. Farasitamol ko ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Maganin ɓera a kwashe shi daga gidan tun kafin ta zo, don ɓeran da ya ci guba ya fi sauƙin kamu, in ta cinye shi kuma gubar na iya taɓa ta.

Dukansu a yi musu allurar rigakafin haukan kare, ita daga wata 3, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, a kuma ba su maganin tsutsar ciki lokaci ɗaya don ba ya amfani a yi wa ɗaya a bar ɗaya. In sun kaure da faɗa kada a sa hannu tsakani: a jefa bargo ko a tura faifan katako. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti ranar. Kyanwar da kare ya cafka a baki a kai ta likita ko ba a ga jini ba, domin haƙori na murƙushe ciki fata ba ta huje ba. Shi kuma karen da ya saba da ita wata da watanni, sai kwatsam ya fara yi mata gurnani, a fara duba haƙoransa da kunnuwansa da ƙugunsa, don sau da yawa ciwo ne ya taso masa.