Kakar da ke zuwa da ruwa

Da na zo gida hutu, 'yan fadarmu ta unguwar Bagalam a Maradi ba su bari shayin farko ya huce ba suka rufe ni da tambaya kan sanyin Kanada. Na ce musu sanyi da sauƙi, riga mai kauri ce maganinsa. Abin da na daɗe ban saba da shi ba shi ne kaka.

Mu nan in kaka ta yi, an sallami ruwa ke nan. Hatsi ya shiga rumbu, Gulbin Maradi ya janye, masu lambu sun gangara fadama. A Abbotsford kuwa, gabas da Bankuba, inda nake aiki a gonar shanun madara, sai Oktoba ruwan sama ke kankama, Nuwamba kuma ba a magana.

Mai gonar ne ya koya mini duba hasashen yanayi. Ni yawan ruwan nake kallo, shi kuwa duwatsu. In akwai sanyi, abin da ke sauka can sama dusar ƙanƙara ce, ta kwanta abinta har sanyi ya wuce. Amma in iska mai ɗumi ta taso daga tekun Fasifik, ruwa ne zai zuba a kan ƙanƙarar, ta narke, su haɗu su gangaro koguna lokaci guda.

Haka aka yi a tsakiyar Nuwamba 2021, ban cika shekara da zuwa ba. Kogin Nooksack, wanda ke cikin Amurka ma, ya cika ya fasa, ruwansa ya ƙetaro iyaka ya kwanta a gonakin filin Sumas da ke Abbotsford. Shanu a tsaye cikin ruwa har ƙirji, suna kuka. Da kwale-kwale muka riƙa kwashe 'yan maruƙa; akwai wanda na rungume kansa a cinyata, yana karkarwa, har muka kai tudu. Kaji fiye da dubu 600 suka mutu a yankin. Manyan hanyoyi suka yanke, aka ƙayyade wa kowa lita 30 ta fetur in ya je gidan mai.

Daga baya na ji cewa filin nan da can tabki ne, a shekarun 1920 aka tsotse shi aka mai da shi gonaki, har yau kuma manyan injuna ne ke janye ruwan. Nan take kakata ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Ita ta ba mu labarin ambaliyar 1945, da gulbi ya cinye tsohon gari aka tayar da Maradi zuwa tudu.

Wani a fadar ya ce, "Ashe har can ma, Malam?" Na ce har can. Su dai suna samun gargaɗi kwanaki kafin ruwan ya iso, kuma wannan nake yi wa garinmu kwaɗayi, balle bayan ruwan ƙarshen Agusta 2024 da ya rushe gidaje ya ɗauki rayuka a nan.

Yanzu garuruwa biyu ne a wayata. A Agusta Maradi nake dubawa, in na ga hadari mai nauyi in kira Inna in ce kada su kwana a ɗakin ƙasa na baya. Ita kuma Nuwamba na kamawa sai ta kira: "Ɗan nan, yaya ruwan naku?" Gobe da safe ni da ƙanena za mu sa wa ɗakin sabon indararo, mu yaɓe gindin katangar da siminti kafin in koma.